Gem ɗin yarinta ne ya kai mu ga fasaha, ko kuwa waɗanda suka tsira kawai muke ƙirgawa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina so mu tattauna. Sana'ata gyaran waya ce a Farm Centre. In ka bi layinmu shago-shago ka tambayi masu gyara, musamman waɗanda suka haura shekara 30, inda suka fara taɓa kayan wuta, da yawansu gem za su ce maka. Ko dai Family ɗin nan mai kaset da ake sayowa a Sabon Gari, ko Sega, ko gidan gem na unguwa inda ake biya a buga ƙwallo a PlayStation. Haka ma abokaina da suka karanta kwamfuta a BUK da Poly. Amma har gobe in uba ya ga ɗansa riƙe da hannun gem, abin da ke fara zuwa ransa shi ne yaro ya kama hanyar lalacewa. Ni a ganina ba mu yi wa abin nan adalci ba. Gem ya samar wa Kano masu fasaha fiye da yadda mutane suke zato. Ina so in ji ta bakinku.

Malama 'Yar Gwale:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge, ka tsaya a layin masu gyara ka ƙirga, dole ka ga abin da ka gani. Amma waɗanda kuka zauna benci ɗaya da su a gidan gem ɗin, ina sauran? Ni malamar sakandare ce, kullum ina tare da ɗaya ɓangaren. Yaro ya zo aji idonsa jawur yana gyangyaɗi saboda ya kwana a kan waya. Wani kuɗin tara da aka ba shi ba zai ci komai ba, zai ɓoye ya sayi data. Wani ya fito da kayan makaranta daga gida amma bai iso makaranta ba. In yara ashirin sun yi ta gem, biyu suka zama masu gyara, wa zai ba mu labarin sha takwas ɗin? Su ba sa zuwa nan su rubuta cewa gem ne ya cinye musu karatu.

Ɗan Fagge:
Malama, maganarki tana kan hanya, kuma na san irin yaran da kike nufi, wasu ma ƙannena ne. Amma bari in faɗa miki yadda abin yake a lokacinmu, don wataƙila nan bambancin yake.

Gem ɗin da muka taso da shi ba ya yin aiki sai ka wahala a kansa. Kafin hoto ya fito sai ka cire wayar eriya a bayan talabijin, ka sa ta gem, ka zauna kana murɗa tasha har sai yayyafin nan ya washe. Kaset ya ƙi kamawa, ka cire ka hura ka mayar. Adafta ta yi zafi ta ƙone. Hannu kuwa ba ya wata uku lafiya a gidan da yara suke da yawa, wayarsa ta karye daga wuya, ko maɓalli ya daina amsawa. Kuma babu wanda zai saya maka wani, don da ka je da ƙorafi abin da za ka ji shi ne "dama na gaji da wannan abin."

To a nan ne mutum ke fara buɗewa. Na tuna hannun da na fara kwancewa da bakin wuƙar kicin saboda ba mu da sukundireba. A ciki na tarar da ɗan koren allo mai zane-zanen layuka, da roba mai baƙin ɗigo a ƙarƙashin kowane maɓalli. Na lura in baƙin ɗigon ya taɓa allon sai mutumin cikin talabijin ya yi tsalle. Na goge dattin wurin da auduga, maɓallin ya dawo. Wayar da ta tsinke kuma, ƙusa na sa a cikin garwashin murhun Inna har ta yi ja, na kama ta da filaya, na narka ragowar dalmar da ke jikin allon na manna. Ta kama. Wallahi Malama, daɗin da na ji a ranar ya fi na duk wasan da na taɓa ci. Daga nan yaran layinmu suka fara kawo mini nasu. Abin da nake yi yau da aisin waya, wato 'yan ƙananan ƙwaƙwalen da ke jikin allonta, a ƙarƙashin madubi, ci gaban wannan ne.

Injiniya Na Kabuga:
Ɗan Fagge ya tuna mini da abubuwa. Ƙarin bayani kaɗan ga wanda bai sani ba: Family ɗin da muka sani kwaikwayo ne na Famicom, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Kafin ya iso hannunmu a Kano ya riga ya tsufa a can, shi ya sa ya yi arha. Hura kaset kuma ba ita ce ke gyara shi ba, cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoransa su zauna daidai. Danshin baki ma tsatsa yake jawo musu a hankali.

Ni ba ta hanyar gyara na shiga ba, ta hanyar tambaya na shiga. Abin da ya hana ni barci shi ne bindigar nan ta harbin agwagwa. Ta yaya talabijin ya san inda na saita? Babu abin da ke fita daga bakin bindigar. Na daɗe ina tambayar manya, wani ya ce haske take harbawa, wani ya ce in bar shi ya huta. Sai da na girma na gane cewa bindigar ba ta harba komai, kallo take yi. Da ka ja kunama, fuskar talabijin takan yi baƙi ƙirin na ɗan ƙiftawar ido, sannan a zana farin akwati daidai inda agwagwar take. A cikin bindigar akwai ɗan ido mai jin haske. In ya ga baƙi sannan ya ga fari, to ka same ta. Shi ya sa in ka lura fuskar takan yi wal duk lokacin da aka yi harbi, kuma shi ya sa bindigar ba ta aiki da filasma na yanzu, sai tsohon talabijin mai ƙeya.

Sai kaset ɗin nan da aka rubuta 9999999 a jikinsa. Na zauna ina bin jerin ɗaya bayan ɗaya, na gano wasanni ƙalilan ne ake ta maimaitawa, an dai canza matakin farawa ko launi. A ranar na fahimci cewa mutum ne ya zauna ya tsara abin, kuma in mutum ne ya tsara, to ana iya koyo. Wannan tunanin ne ya kai ni sashen kwamfuta, kuma yau rubuta manhaja nake ci da shi.

Na Rijiyar Lemo:
Sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. Wa ya tuna wannan jerin maɓallai na sirri? In ka danna shi ka samu rai 30 a gem ɗin Contra. Babu intanet, babu waya, amma duk yaron da ke Kano ya san shi, daga Kurna har Sharaɗa. Baki da baki ya yaɗu.

Injiniya Na Kabuga:
Shi ma akwai labarinsa. Wani ma'aikacin Konami mai suna Kazuhisa Hashimoto ne ya sa shi a 1986, lokacin da yake aikin mayar da wani gem zuwa Famicom. Gem ɗin ya yi masa wuya wajen gwaji, sai ya buɗe wa kansa wannan ƙofar don ya riƙa wucewa da sauri, aka fitar da kaset ɗin da ita a ciki. Duk mai rubuta manhaja yana yin irin wannan har yau.

Kuma ku duba ƙanƙantar abin da suka yi aiki da shi. Super Mario na 1985 gabaɗayansa kilobait 40 ne. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka yanzu ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka canza, wannan fari wancan kore. Ni wannan dabarar ta yin abu mai yawa da ɗan kaɗan ita ce ta fi burge ni, don ita ce rayuwar mai fasaha a garinmu.

Kawu Na Yakasai:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni na girme wa gem ɗinku. A zamaninmu motar kara muke yi. Ka samo karan dawa, ka feƙe ɓawon, ka yanka totuwar daidai-daidai, ka haɗa babbar mota har da ƙofa mai buɗewa. Waɗanda suka fi mu hannu su yi ta langa-langa ko ta gwangwanin madara, su yanka silifas su yi taya, su sa dogon sitiyari da ake tuƙawa a tsaye. Daga baya muka fara sa batir da ƙwan tocila a yi mata fitila. A cikinmu aka samu makanikai, aka samu masu gyaran rediyo da agogo, wasu suka tafi makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, suka zama injiniyoyi da likitoci.

Abin da nake so ku gane, son sanin yadda abu yake aiki Allah ne ke sa wa yaro. Garin nan na maƙera ne da marina da dukawa tun kafin a san lantarki. Gem ɗinku ya zo ya tarar da wannan ɗabi'a ne. Yaron da zai buɗe hannun gem, da a zamanina aka haife shi rediyon babansa zai buɗe.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma, Kawu. Ban musa ba. Sai dai rediyon Baba ba a taɓa shi, wanda ya taɓa jikinsa ya gaya masa. Gem kuwa namu ne, in ya lalace mu ne da asara, shi ya sa muka samu damar kwancewa. Kuma shi ne abu na farko mai ƙwaƙwalwa da ya shigo hannun ɗan talaka. Motar kara ta koya muku taya da sitiyari, shi kuma ya koya mana allo da waya da umarni.

Autan Hotoro:
Yayyena ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗalibi ne, ban ga zamanin kaset ba. Mu a waya muka taso, Free Fire da PUBG da Dream League. Ana cewa ba ma koyon komai, amma ba haka ba ne. Ta dalilin gem na san mene ne RAM, wato ma'ajiyar da waya take aiki da ita nan take, na san abin da ya sa wata wayar take zafi tana tsayawa, na san bambancin netwok mai gudu da mai jinkirin amsawa, don in ya yi jinkiri kafin ka harba an kashe ka. Abokina ta hanyar yanka bidiyon wasansa ya koyi editin, yanzu har masu biki suna ba shi aiki.

Injiniya Na Kabuga:
Auta, na yarda kun koyi abubuwa, kuma editin sana'a ce. Amma akwai bambancin da nake so ka duba da idon basira. Gem ɗin kaset yana da ƙarshe. Ka saya sau ɗaya, ka buga, ka gama ko ka gaji. Wanda ya ƙera shi ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba ruwansa da ko ka kwana a kai. Yawancin na waya kyauta ake saukewa, don haka kuɗinsu yana fitowa ne daga talla da sayen kaya a ciki, kamar dayamon da rigunan 'yan wasa. Ribarsu tana cikin daɗewarka. Shi ya sa ake ba ka kyautar shiga kullum, in ka tsallake rana ka yi asara, ake kuma sa gasa mai wa'adi. Akwai ƙwararrun da aikinsu kenan, su tsara yadda ba za ka ajiye ba. Yaran da Malama take gani suna gyangyaɗi, da irin waɗannan mutanen suke kokawa, kuma ba sa'anninsu ba ne.

Na biyu, wayar a like take da gam. Ba ta da abin da yaro zai buɗe ya mayar lafiya, in ta lalace ma ba shi zai gyara ba, wurin su Ɗan Fagge za a kai. Wahalar da ta tilasta mana koyo ta ragu sosai. Don haka abin da ya zo mana da kansa, ku sai an kai ku gare shi da gangan.

Maman Iman:
Tun ɗazu nake karantawa, duk maza ne ke ba da labarin gidan gem. Ku tuna fa mu ba a barinmu mu shiga, kuma da gaskiyar iyayenmu, wuri ne na samari. A gida ma in an sayo gem, na yayye maza ne. Ni sai sun tafi ƙwallo da yamma nake samu in taɓa, in na ji motsinsu in naɗe waya in mayar yadda na tarar.

Abin da ya buɗe mini ƙofa wayar Abba ce, bayan GSM ya shigo a 2001. Nokia 3310, da macijin nan da ke cin ɗigo yana tsawo. Daga wasan maciji na shiga bin kowane lungu na wayar, har na zama ni ke adana wa Abba lambobi, ni ke karanta masa saƙo. Da wayoyin Java suka zo, ni ke tura wa ƙawayena gem ta Bluetooth, ni ke saita musu intanet. Duk gidan biki in wayar wata ta rikice, a ce a kira wance. Yau aikin tattara bayanai nake yi a kwamfuta, kuma na san daga can rashin tsoron na'ura ya samo asali.

Shi wannan tsoron ba ƙaramin abu ba ne. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gabaɗaya. Na raka 'yar ƙanwata cibiyar gwaji kafin jarrabawa, na ga yarinya mai ƙoƙari a aji, ta zauna gaban kwamfuta hannunta yana rawa, ta ɗaga maus sama tana neman yadda za ta motsa kibiyar. Ba ta taɓa riƙe shi ba. Na gefenta, namiji, ko kallon hannunsa ba ya yi. Ba ƙwaƙwalwa ya fi ta ba, sabo ya fi ta. Malama, ke ma kin san wannan.

Malama 'Yar Gwale:
Na sani ƙwarai, Maman Iman, ina ganinsa duk shekara, kuma yana ci mini rai. Amma maganinsa ɗakin kwamfuta mai aiki ne a makaranta, da wuta, da malami. Ba sai yarinya ta bi ta wasan harbe-harbe kafin ta iya riƙe maus ba.

Maman Iman:
Haka ne Malama. Sai dai kafin ɗakin kwamfutar ya samu, yaran suna girma. Ni 'yata ina ba ta wayata ta yi wasa awa ɗaya bayan ta dawo daga Islamiyya, ina zaune kusa da ita, ni nake zaɓar abin da za a sauke. Kuma ba na yarda yayanta ya ƙwace don shi namiji ne.

Ustazun Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ba fatawa na zo bayarwa ba, shawara ce ta ɗan uwa. Abu uku nake dubawa a kowane wasa: shin yana hana salla a kan lokaci, shin akwai caca a ciki, kuma me yaro yake gani. Mu faɗi gaskiya, a gidajen gem da yawa ana kiran sallar magariba ana ci gaba da buga ƙwallo. Kuma al'adar nan ta sa kuɗi a kan wasa, wanda ya ci ya kwashe, daga nan wasu samari suka saba har suka koma shagunan caca na ƙwallo. Akwai kuma wasannin da aikinka a ciki shi ne satar mota da dukan mutane a titi, ga shigar banza, an bar yaro ɗan shekara tara a kai, alhali masu wasan da kansu sun rubuta a jikin kwalin cewa na manya ne.

Ko su masana lafiya ba su ce babu matsala ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da gem cikin jerin cututtuka. Amma su ma sun yi adalci, ba kowane mai wasa suke nufi ba. Suna nufin wanda ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci sai abin ya ɗauki kamar shekara guda a haka. Don haka kada mu kira kowane yaro ɓatacce, kada kuma mu ce komai lafiya.

Injiniya Na Kabuga:
Allah ya saka da alheri, Ustaz. Ina so in ƙara wani abu don a ga girman abin da muke magana a kai. Kamfanin Nvidia da aka kafa a 1993, aikinsa na asali ƙera katin hoto ne don gem ya fito da kyau a kwamfuta. Daga baya masu bincike suka gano cewa irin lissafin da katin yake yi shi ne ainihin abin da ƙirƙirarriyar basira take buƙata. A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hotuna a kan katin gem guda biyu, suka yi wa kowa fintinkau a gasar shekarar, kuma daga nan guguwar da muke ciki ta ƙara ƙarfi. Demis Hassabis, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin ƙirƙirarriyar basira na DeepMind a 2010, tun yana matashi aikin tsara gem ya fara, kuma tsofaffin wasannin Atari suka fara gwada manhajarsu da su. A 2024 ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai.

Malama 'Yar Gwale:
Injiniya, shi wannan bawan Allah a Landan ya taso, gwanin dara ne na Turawa tun yana ƙarami, yana da kwamfutarsa a gida, ya je Cambridge. Da ya ce yana son sanin yadda gem yake aiki, akwai littafi, akwai wuta, akwai wanda zai amsa masa. Kai da kanka ka ce ka yi ta tambayar manya a kan bindiga babu wanda ya ba ka amsa sai da ka girma. Yara nawa ne suka yi irin tambayarka, aka daka musu tsawa, suka bari har abada? Wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko. Gem yana iya tayar da tambaya, amma ba ya amsa ta. In babu babba a kusa, yaro zai tsaya a danna maɓalli har ya yi gemu.

Injiniya Na Kabuga:
A nan kam ba ni da ja, Malama. Ni ma da ban haɗu da wani malamin lissafi da ya bar ni in riƙa zama a gaban kwamfutar ofishinsa bayan an tashi ba, da wataƙila tambayar ta mutu.

Baban Walid:
Ni ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Ɗana shekararsa 10, ba shi da zance sai gem. Ina sayar da yadi a Kwari, ban san komai a harkar kwamfuta ba, kuma ba ni da halin sayen sabuwar laftof yanzu. Ta yaya zan gane ko irin su Injiniya ne, ko irin waɗanda Malama take faɗa? Kuma me zan yi masa?

Ɗan Fagge:
Baban Walid, zan gaya maka yadda nake gwada yaran da ake kawo mini koyon aiki. Ina miƙa wa yaro mataccen abu, tsohon hannun gem ko ƙaramar waya mai maɓalli wadda na cire wa batir, da sukundireba, in ce buɗe ka gaya mini abin da ka gani. Wani minti biyar ya ajiye ya koma kallon titi. Wani kuwa zai jera sukurorin a kan takarda don kada su ɓace, ya yi ta juya allon, ya dame ni da tambaya. Wannan na biyun ko bai iya karatu sosai ba, yana koyon aiki.

Ka yi masa haka a gida. Matattun hannayen gem da tsofaffin rimot ba su da tsada wurin masu gyara, wani ma kyauta zai ba ka. Amma don Allah a kiyaye: kada ya buɗe tsohon talabijin mai ƙeya, yana riƙe wuta mai kisa ko an cire shi daga soket. Kada ya buɗe caja ko wani abu da ke jone da wutar gida. Kada ya huda batirin waya, musamman wanda ya kumbura, yana kamawa da wuta. In kuma ka sayo masa gem na hannu daga waje, a duba ƙarfin wutarsa kafin a jona. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Mun ga PlayStation da yawa da suka ƙone a daren farko saboda ba a sa musu na'urar rage wuta ba.

Injiniya Na Kabuga:
Ta ɓangaren manhaja kuma, akwai Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara. Kyauta ne, kuma akwai wanda ake saukewa ya yi aiki ba tare da intanet ba. Ba a rubuta dogon umarni, tubala ne masu launi yaro yake jerawa: in an danna wannan, yi tsalle, in ka taɓa bango, juyo. Cikin 'yan kwanaki zai iya haɗa ɗan wasansa. Tsohuwar laftof ta hannu daga Beirut Road ta isa, ba sai mai tsada ba, kuma gida biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su saya wa yaransu guda ɗaya. In waya ce kawai a gidan, akwai Pocket Code a Android, shi ma irin tsarin tubalan ne.

Abin da ya fi muhimmanci, Baban Walid, ba sai ka iya ba. Ka zauna kusa da shi ka ce ya nuna maka. Ka tambaye shi me ya sa abokin gaba yake biyo shi, ta ina gem ɗin ya san ya ci maki. In ya ce bai sani ba, ka ce to ya binciko ya gaya maka gobe. Ka kuma yi masa sharaɗi: duk awar da zai yi yana buga na wasu, ya yi irinta yana haɗa nasa.

Autan Hotoro:
Yaya Injiniya, wannan ya sa ni tunani. Me ya sa ba mu da gem namu? Na dambe, da kiɗa da kirari kafin a shiga fage. Ko na tuƙa adaidaita sahu daga Bata zuwa Kabuga cikin cunkoso. Ko langa. Wallahi da za a buga.

Injiniya Na Kabuga:
Za a buga, Auta. A Legas kamfanin Maliyo Games ya fara tun 2012 da ƙananan wasanni a kan rayuwar yau da kullum, irin su tuƙa acaɓa da kashe sauro. Mu ma muna da misali a gida. Masana'antar fim ta Kano da kyamarar bidiyo da kaset ta taso a shekarun 1990, babu wanda ya jira sai an gina masa sitidiyo. Muna da masu zane, muna da masu kiɗa, muna da marubuta labari. Masu haɗa su a manhaja ne suka yi ƙaranci. Ka fara da ƙarami: dara a fuskar waya, mutum biyu su buga. In ka gama wannan ka turo mini in gani.

Malama 'Yar Gwale:
To ga abin da zan iya yi a nawa ɓangaren. Zan nemi izinin shugabar makarantarmu a ba mu aji ɗaya ranar Asabar da safe. Malam Ɗan Fagge ya zo da matattun kayansa, Injiniya ya zo da laftof, Maman Iman ta zo don 'yan matan su ga mace a gaban kwamfuta, iyayensu ma hankalinsu ya kwanta. Amma da sharaɗi: sai ɗalibin da ya ci jarrabawar zangon da ya wuce zai shiga. Ba zan saka wa mai wasa da karatu da ƙarin wasa ba.

Ɗan Fagge:
Zan zo, Malama, in sha Allahu, har da sukundirebobi da mita. Amma sharaɗin nan ina roƙo a sake duba shi. Yaran da suka fi buƙatar wannan ajin su ne na bayan aji, waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin ba sa ja. Mafi hannu a cikin yaran shagona an kawo mini shi ne bayan ya faɗi jarrabawa, yau shi nake bar wa aikin da ya fi wuya. Kuma da ya ga sai da lissafi ake auna wuta a mita, da kansa ya koma yana tambayar abin da ya gudu ya bari a aji. In kika ce sai wanda ya ci, irinsa ba zai taɓa shigowa ba.

Malama 'Yar Gwale:
Na ji. To a bar maganar maki, a koma kan zuwa makaranta. Duk wanda rajista ta nuna bai yi fashi ba a makon, ko na nawa yake zuwa a aji, ƙofa a buɗe take gare shi ranar Asabar. Wanda ya yi fashi ba tare da uzuri ba ya jira mako na gaba. A kan wannan kam ba zan sassauta ba. Kuma rabin kujerun na mata ne. Ku turo mini da ranakun da kuke da sarari kafin Alhamis, don in shigar da takarda ofis.